Mafitsarar kwaɗo da ƙwayar hawan jini: yadda magani ke juya gishiri da ruwa a jiki

Mai hawan jini a Kaduna da aka rubuta wa Moduretic yakan fito daga wurin likita da sharuɗɗa biyu da ba ya gane dalilinsu: ya dawo a auna masa gishirin jini, kuma kada ya haɗa da Septrin ba tare da ya tambaya ba. Wanda ke karɓar litiyam a asibitin ƙwaƙwalwa kuwa, wani lokaci sai ya ga yana kwana zarya tsakanin gado da ban ɗaki, ga ƙishirwa da ba ta yankewa. Idan aka tambaye su, amsar ɗaya ce: maganin ya taɓa mini mafitsara.

Mafitsarar mutum ba ruwanta a nan. Aikin yana faruwa a can ƙarshen bututun ƙoda. Sai dai zargin nasu ya ɗan kusanci gaskiya ta wata fuska da ba su sani ba, domin mafi yawan abin da likitoci suka sani game da wannan yanki na ƙoda, a kan mafitsarar dabba aka fara gano shi: ta kwaɗo, ta kififiya, har da ta wani kifi na teku. Ɗaliban harhaɗa magunguna a Zariya da Kaduna suna cin karo da waɗannan gwaje-gwaje a littattafansu, galibi ba tare da an faɗa musu yadda suka haɗu da ƙwayar da ake sayarwa a kemis ba.

Kalmomi huɗu kafin a shiga

Idan gishirin miya ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu: sodiyam mai cajin lantarki na ƙari, da kilorayid mai cajin ragi. Kowace ƙwaya mai caji irin wannan ita ake kira ayon. Fotasiyam ma ayon ne, haka sinadarin tsami da jiki ke zubarwa a fitsari.

Tantani shi ne shimfiɗar ƙwayoyin halitta da ta lulluɓe cikin mafitsara. Fuska biyu gare shi, ɗaya tana kallon fitsari, ɗaya tana kallon jini, kuma ba su yi kama da juna ba. A fuskar fitsari akwai ƙofa, wato ƙaramar kafa da sodiyam ke gangarowa ta cikinta ba tare da an kashe ƙarfi ba. A fuskar jini akwai famfo, wanda ke cin makamashi yana tura sodiyam uku waje, yana jawo fotasiyam biyu ciki a kowane zagaye. Jens Skou na ƙasar Denmak ne ya gano famfon a 1957, kuma a 1958 Koefoed-Johnsen da Hans Ussing suka bayyana wannan tsari na ƙofa a gaba, famfo a baya.

Shi ruwa ba a tura shi. Yana bin inda gishiri ya fi yawa, in har ya sami hanya. Wannan sharaɗin na samun hanya shi ne rabin labarin.

Me ya kawo kwaɗo cikin maganar?

Mafitsarar mutum tulu ce mai murfi: abin da ƙoda ta zuba, shi za a fitar. Ta kwaɗo kuwa randa ce ta ajiya. Idan damina ta wuce, kwaɗin da suka cika kwatocin Tudun Wada da Rigasa da kuka suka shige ƙasa, ruwan da ke cikin mafitsararsu suke tsotsowa su mayar cikin jini. Wasu nau'ukan kwaɗi suna ajiye ruwan da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsu ta wannan hanya. Ƙodar kwaɗo ba ta iya yin fitsarin da ya fi jininsa kauri, shi ya sa aikin tsimin ruwa da gishiri ya koma kan mafitsara.

A jikin mutum, ƙoda tana tace kimanin lita 180 a rana, amma lita ɗaya da rabi kawai ke fita. Hukuncin ƙarshe na yawan gishiri da ruwan da za a riƙe ana yanke shi ne a bututun tattarawa, wanda siririnsa bai kai silin gashi ba. A shekarun 1950 babu mai iya ɗaura na'ura a kansa. Mafitsarar kwaɗo kuwa shimfiɗa ce mai faɗi, mai sirantaka har ana hango haske ta cikinta, tana rayuwa sa'o'i da yawa a ruwan gishiri a zafin ɗaki, kuma tana amsa wa sinadaran saƙo guda biyu da jiki ke aikawa ta jini, aldositeron da basofiresin, waɗanda ƙodar mutum ke amsa wa. Alexander Leaf na Boston ya fito da ita a matsayin abin gwaji a 1958, da babban kwaɗon nan na yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, Bufo marinus. Wata fa'idar kuma: mafitsarar reshe biyu ce, sai a sa magani a ɗaya, a bar ɗayan don kwatance, duka daga dabba ɗaya.

Yadda ake auna gishiri, da inda gwajin ke lalacewa

Na'urar Ussing ce, wadda shi da Zerahn suka bayyana a 1951 a kan fatar kwaɗo. Kofuna biyu ne da ake haɗa bakinsu, a maƙale tantanin a tsakiya kamar fatar ganga. Kowane ɓangare ana cika shi da ruwan Ringa iri ɗaya: sodiyam kilorayid wajen milimol 110 a lita, fotasiyam kaɗan, kalsiyam wajen milimol 1, ana hura iska a ciki ba tsayawa. Da yake famfo yana kwashe caji daga fuskar fitsari zuwa ta jini, sai a sami bambancin lantarki na milibolt gommai, ɓangaren jini ne mai ƙari.

Dabarar ita ce a turo lantarki daga waje daidai gwargwadon da zai mayar da wannan bambanci sifili. Tun da ruwan ɓangarorin biyu ɗaya ne, kuma babu sauran jan lantarki, duk abin da ke ƙetarawa famfo ne ya tura shi. Leaf ya tabbatar da sodiyam mai alamar rediyo cewa wannan lantarki daidai yake da sodiyam ɗin da ke wucewa. Lissafin ma mai sauƙi ne: maikuro'amfiya 27 na tsawon sa'a ɗaya daidai yake da kusan maikuromol 1 na sodiyam.

A takarda abin ya yi kyau. A kan tebur kuwa, matsala ta farko bakin kofin ne. In aka matse da yawa, ƙwayoyin gefe sun mutu, gishiri ya riƙa zurarewa ta wurin, sai a ga bambancin lantarki ya faɗi alhali famfo lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake shafa man silikon a bakin, kuma a fi son tantani mai faɗi. Ta biyu, wayoyin awo suna haɗuwa da ruwan ta siraran bututu masu ɗauke da fotasiyam kilorayid mai kauri. Kumfar iska ɗaya a ciki ta isa ta yanke awo, kuma in bakin bututun ya yi faɗi, fotasiyam ɗin ya tsiyayo ya sauya ruwan. Dole a daidaita wayoyin su nuna sifili kafin a sa tantani, a sake dubawa bayan an cire shi. Ta uku, iska: famfo ba ya aiki ba tare da iskar shaƙa ba, don haka in wuta ta ɗauke injin hura iska ya tsaya, lantarkin zai sauka kamar an zuba guba, kuma wanda bai lura ba zai rubuta cewa maganinsa ya yi aiki. A ɗakin gwajin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, zafin watan Afrilu a Kaduna ma kaɗai yana iya sauya sakamako tsakanin safiya da azahar. Sannan maganin da aka narkar a barasar gwaji, dole a zuba barasar zalla daidai wannan adadi a ɗaya reshen, in ba haka ba ba a san wanda ya yi aikin ba.

Awon ruwa ya fi wannan sauƙi. Peter Bentley ya nuna hanyar a 1958: a ɗaure reshen mafitsara a bakin bututu kamar 'yar jaka, a cika ta da ruwan Ringa da aka tsinka sau biyar, a tsoma ta a cikakken ruwan Ringa, a riƙa ɗagowa ana aunawa a sikeli. Kowane miligiram da ya ragu, maikurolita ɗaya ne na ruwa ya fita. Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin daidaita yadda ake tsane jakar kafin awo, domin ɗigo ɗaya da ya maƙale a jikinta ya fi abin da ke fita a minti da yawa idan ba a sa sinadarin saƙo ba.

Magungunan da ke taɓa gishiri

Amilorayid, ɗaya daga cikin magunguna biyu da ke cikin Moduretic, wanda kamfanin Merck ya samar a shekarun 1960, shi ne mafi tsabtar aiki. A zuba shi a fuskar fitsari, cikin daƙiƙoƙi lantarkin ya faɗi kusan sifili. Maikuromol 10 a lita ya wadatar. A wanke shi, lantarkin ya dawo. A zuba adadin nan a fuskar jini, kusan babu abin da zai faru. Waɗannan abubuwa uku sun nuna cewa ƙofar yake toshewa daga waje kamar toshiyar kwalba, tun shekaru kusan ashirin da biyar kafin a gano ainihin ƙirar ƙofar, wadda masu bincike a Lozan ta Suwizalan suka bayyana a 1993 da 1994 da sunan ENaC.

Wabayin akasin haka yake. Daga fuskar jini yake aiki, a hankali, kuma ba ya wankuwa da sauƙi, domin famfon yake kamawa. Ana samun sa daga tsiron da ke dangi ɗaya da kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna dafa dafin kibiya da shi, kuma ɗan'uwan digozin ne, maganin zuciya. A nan kwaɗo ya nuna halinsa: shi kansa yana yin dafi irin wannan a kumburin bayan idanunsa, don haka famfonsa ya saba, sai an zuba wabayin mai yawan gaske kafin ya tsaya. Wanda ya ɗauki adadin da ya tsayar da famfon kwaɗo ya kwatanta da mutum ya yi mummunan kuskure.

Aldositeron sinadarin saƙo ne da jiki ke fitarwa idan gishiri ya yi ƙaranci. A zuba shi, sai a yi sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba a ga komai ba, sannan lantarkin ya fara hawa na sa'o'i. Jean Crabbé ya nuna haka a 1961, kuma a 1963 Isidore Edelman da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka hana ƙwayar halitta ƙera sabon furotin, tasirin ba ya zuwa. Jinkirin ke nan: saƙon sai ya shiga cibiyar ƙwayar halitta tukuna. Sifironolakton, wani maganin sa fitsari, yana tare mazaunin wannan saƙo, shi ya sa a jikin majiyyaci ma sai ya yi kwana biyu zuwa uku kafin a ga cikakken aikinsa. Gwajin aldositeron yana da tarkonsa: kwaɗon da aka ajiye a busasshen wuri jikinsa cike yake da nasa aldositeron, ƙari ba zai nuna komai ba. Sai an jiƙa shi a ruwan gishiri na kwanaki, kuma a sa wa tantanin gulukos ya sami abin ci.

Magungunan da ke taɓa ruwa

Idan babu saƙo, fuskar fitsari kusan a rufe take ga ruwa. A zuba basofiresin a fuskar jini, cikin mintuna kaɗan jakar ta fara raguwa, fitar ruwa ta ninka sau gommai. Basofiresin shi ne sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki idan mutum ya ji ƙishirwa, shi ke sa fitsarin mai azumi ya ragu ya yi ja da la'asar. Orloff da Handler sun nuna a 1962 cewa wani ɗan aike a cikin ƙwayar halitta, cAMP, shi ke isar da saƙon. Wannan ya ba masu bincike ma'auni mai amfani: maganin da ya hana basofiresin aiki amma bai hana cAMP ba, to kafin a ƙera ɗan aiken yake tare hanya. Haka aka gano a 1965 game da furostagilandin, wani birki da jiki ke yi wa basofiresin. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna cire wannan birki, ruwa ya taru.

Litiyam yana dushe amsar da tantani ke ba basofiresin. Ya yi kama da sodiyam har ƙofar tana barin sa ya shiga, amma famfo ba ya iya fitar da shi da kyau, sai ya taru a ciki. Daga nan aka fahimci abin da da farko yake kama da wauta, wato ba mai yawan fitsari maganin sa fitsari: amilorayid yana rufe ƙofar da litiyam ke shiga. Kilofurofamayid, tsohon maganin ciwon suga, yana yin akasin haka, yana ƙara wa basofiresin ƙarfi.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne na maganin kolcisin a 1973. Ya rage fitar ruwa, amma hawan sodiyam da basofiresin ke jawowa bai taɓu ba. Amilorayid kuma yana tsayar da sodiyam ya bar ruwa yana wucewa. Hanyoyin biyu daban suke, ko da yake a ƙwayar halitta ɗaya suke zaune.

Kififiya da kifi

Mafitsarar kififiya tana zubar da tsami a fitsari. Philip Steinmetz ya yi amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1960: a tsayar da sodiyam da wabayin, sai lantarkin ya juya baya, wannan juyin shi ne awon tsamin. Asetazolamayid yana rage shi. Amfoterisin B, wanda ake ba masu sanƙarau na naman gwari, yana huda fuskar fitsari, tsamin da aka tura ya komo, fotasiyam ya zube, kuma haka yake yi a ƙodar majiyyaci.

Tayazayid kuwa, ɗaya rabin Moduretic, na'urar Ussing ba ta ganin aikinsa, domin hanyar da yake tarewa tana ɗaukar sodiyam da kilorayid tare, caji ya kashe caji. A mafitsarar wani kifin teku mai faɗi na gaɓar Amurka ta Arewa aka same ta da yawa, daga nan aka ciro ƙirarta a 1993.

Inda masana suka saɓa

Gardama mafi tsawo ita ce ta hanyar ruwa. Wasu sun ce basofiresin ramuka yake buɗewa, hujjarsu ita ce ruwa yana kwarara da saurin da ya wuce a ce ratsawa yake yi ƙwaya-ƙwaya. Wasu suka ce awon ne ke da aibi: akwai siririn ruwa da ke kwance a jikin tantani wanda motsawa ba ta kaiwa gare shi, shi ke ɓata lissafi, kuma mai yiwuwa maiƙon tantanin ne kawai ke yin laushi. Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya auna. A 1974 da 1975 na'urar hangen ƙananan abubuwa ta nuna wasu curarrun ƙwayoyi suna bayyana a fuskar fitsari idan an sa basofiresin, su ɓace idan an cire. Peter Agre ya gano akwaforin, kafar ruwa, a 1992, a shekara ta gaba masu bincike a Japan suka gano irin wadda ke bututun tattarawa. Masu ramuka sun yi nasara, amma gyaran lissafin da abokan gardamarsu suka kawo har yau ana aiki da shi.

Saɓanin da ya rage shi ne ko wannan gwaji yana da sauran amfani. Masu cewa zamaninsa ya wuce suna nuni da ƙwayoyin ƙoda da ake renonsu a kwano, da ɓeraye da aka sauya wa ƙwayar gado, da kuma ƙa'idar rage yanka dabbobi don gwaji. Suna ƙara da cewa mafitsarar kwaɗo ba ta zubar da fotasiyam yadda ƙodar mutum ke yi, babu hanta da za ta sarrafa magani, kuma kwaɗin wata ƙasa ba sa ba da sakamako ɗaya da na wata. Masu kare shi suna cewa tantani ne cikakke kamar yadda aka halicce shi, yana da araha, ba ya buƙatar injin ɗumama ko iskar gas ta musamman, kuma ɗalibin da ya ga allura ta faɗi da idonsa bayan ɗigon amilorayid ba zai manta ba. Abin da hujjojin suka nuna shi ne gwajin yana da ƙarfi wajen faɗin inda magani ke kamawa, amma ba shi da ta cewa a kan adadin da mutum zai sha. Duk wanda ya zo da sakamakon kwaɗo yana tallar wani jiƙo da sunan wankin ƙoda, ya tsallake wannan iyaka.

Abin da ya shafi mai sayen magani

Ƙwayar Moduretic ɗaya tana da amilorayid miligiram 5 da tayazayid miligiram 50. Tayazayid yana zubar da fotasiyam, amilorayid yana riƙe shi, domin shigar sodiyam ta ƙofa ita ke samar da jan lantarkin da ke fitar da fotasiyam a ƙoda. An rufe ƙofa, jan ya mutu. Miligiram 50 ɗin ya fi abin da ake fara hawan jini da shi a yanzu, wato 12.5 zuwa 25, shi ya sa likitoci da yawa ke cewa a raba ƙwayar biyu.

Tiraimetofirim da ke cikin Septrin, miligiram 80 a ƙwaya mai 480, yana toshe ƙofar nan kamar amilorayid. An tabbatar da haka a 1993, har da gwaji a kan ƙwayoyin ƙodar kwaɗo. Dattijon da ke shan Moduretic ko sifironolakton, ga lisinofiril, wani maganin hawan jinin, sannan ya aiki yaro kemis a sayo masa Septrin don tari, ya rufe ƙofa ɗaya da makulli biyu ko uku. Fotasiyam na jini ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0, in ya haura 6 zuciya tana cikin haɗari, kuma sau da yawa babu wata alama sai kasala. Gishirin da ake tallatawa a matsayin mai ƙarancin sodiyam, fotasiyam kilorayid aka cike gurbin da shi, don haka shi ma yana cikin lissafi. Kanwa kuwa, duk da ana danganta ta da fotasiyam a Turance, mafi yawanta sodiyam ce, hawan jinin take ƙarawa.

Ta ɓangaren ruwa, haɗarin sodiyam ne ya faɗi ƙasa da 135, abin da aka fi gani ga tsofaffi mata marasa jiki a makonnin farko na shan tayazayid, musamman in suna haɗawa da maganin ciwon gwiwa suna kuma shan ruwa da yawa saboda zafi. Alamunsa jiri, tashin zuciya da ruɗewa, waɗanda a gida akan ɗauka zazzaɓi ne ko tsufa. Mai shan litiyam da fitsarinsa ya wuce lita 3 a rana kada ya rage shan ruwa don ya rage zarya, kuma kada ya daina maganin da kansa; bushewar jiki tana tara litiyam a jini, haka ma ibufurofen da tayazayid. Ga duk waɗannan mutane, gudawa, amai ko azumi a tsakiyar bazara dalili ne na komawa wurin likita a sake duba adadin magani. Gwajin da ake nema shi ne na sodiyam, fotasiyam, yuriya da kiriyatinin, daga jini kaɗan na hannu, mako ɗaya zuwa biyu bayan fara maganin ko sauya adadinsa.